Farashin Karatun Jikata

Litinin, 2 ga Satumba

A irin wannan watan gobara ta cinye babbar kasuwa, shekarar da aka haifa mini ɗana, uban jikar nan tawa, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya ce a wani watan ne, a turo shi wurina. Bayan gobarar aka sake yanka rumfuna, na samu tawa a layin tsofaffin kayan ɗaki, kusa da famfo. Ita ce yanzu ake so in sayar.

Ba wanda ya faɗa da baki. Surukata ta zo da la'asar ta durƙusa, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta ce abin da marigayi ya bari ya ƙare a shekarar farko ta jami'a. Saura shekara uku, kuma ƙarshen wata za a rufe rajista. Sai murza bakin mayafi take yi. Mu biyun mun san abu ɗaya gare ni a duniya.

Hayar rumfar nan ita ce cina, ita ce maganin hawan jinina. Mai Katifa da ke haya a ciki ya daɗe yana lallaɓa ni in sayar masa.

Ni dillali ne, ban taɓa zama a aji ba. Wannan rubutun ma ita yarinyar ta koya mini tana firamare, tana buga mini fensir a yatsa in na karkace. Me-ya-sa muke ce mata, don tun tana koyon magana ba ta da wata kalma sai wannan. Doka biyu na riƙe a sana'a. Ta farko, darajar kaya ita ce abin da za a ba ka ranar da ka matsu, ba ranar da ka saya ba. Ta biyu, mai kaya ba ya fara buɗe baki. A taya, ka ce albarka, a ƙara. To wannan karatu nata, ranar da ta matsu, nawa za a ba ta?

Talata, 3 ga Satumba

Na je karɓar magani. Mai kantin ya tsare ni da labarin 'yarsa da ta karanci haɗa magunguna, har ya faɗi albashinta ba tare da na tambaya ba. Na ɗauka na shekara ne, ya ce na wata. Duk hanyar gida adadin yana yi mini yawo a kai.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na zaunar da Me-ya-sa a tsakar gida na ce ta yi mini bayani kamar za ta sayar mini da kayan.

Ta ce sunansa saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam, amma nata ɓangaren na gwaje-gwaje ne. Na ce wato likitar mahaukata. Ta ce, "Tsoho, da haka ne ai da kai zan fara." Na ce to duba kike koyo, ki kalli mutum ki san cikinsa? Ta ce a'a. Wai ɗaki gare su mai tebura da kwamfuta, a kira mutane ɗaya bayan ɗaya, a nuna musu abu, a auna me suka tuna, me suka manta, yaya suka zaɓa. Wani lokaci wuta ce za ta kama mutum ya danna maɓalli.

Na ce wa zai biya ki don wani ya danna maɓalli?

A nan na so ta yi mini ƙarya, irin ta mai talla. Sai ta ce gaskiya digirin farko shi kaɗai ba ya kawo wani kuɗi mai yawa, sai an ƙara na biyu. Wai wasu kamfanoni suna ɗauka, wasu wuraren bincike ma, amma ba tabbas. Kaya kenan da mai shi da kansa yake nuna maka inda ya tsage.

Na ba ta tawa shawarar. Akwai kwas na shekara biyu na aikin ɗakin gwajin jini. Wannan kuɗin haya zai ɗauka in na tsuke bakin aljihu, ba sai an taɓa rumfa ba, kuma asibiti ba ya rasa jinin aunawa. Ta ce, "Me ya sa?" Na ce don na faɗa.

Juma'a, 6 ga Satumba

Mai Katifa ya aiko mini da lemo. Ya ji ƙamshin magana kenan. Na ba yaran maƙwabta.

Litinin, 9 ga Satumba

Ban taɓa sa wa kaya kuɗi ba sai na ga waɗanda suka yi amfani da irinsa. Wannan ma haka zan yi masa, kada a ce zalunci na yi. Na faɗa wa abokina Mai Agogo a kan bencinmu na bakin rumfa, ya ce ɗan ƙanwar matarsa irin karatun ya yi.

Mun je yau. Wani dogon ɗaki a hawa na biyu, ba taga, mutane jere kamar kaji a akurki, kowa da abu a kunne yana ba wa wanda ba ya gani haƙuri. Kamfanin waya ne. Yaron ya fito lokacin hutu da kwalbar ruwa a hannu, mai ladabi. Na ce karatun ya yi maka amfani? Ya yi dariya ya ce, "Baba, yana taimaka mini in san lokacin da mutum zai fara zagi." Na ce na kusa da kai me ya karanta? Ya ce tarihi. Na wancan gefen fa? Bai gama jami'a ba ma. Albashinsu ɗaya.

A mota Mai Agogo ya ce in daina taunar baki, mutane suna kallo.

Laraba, 11 ga Satumba

Ta biyu mai irin karatun malama ce a makarantar kuɗi, tana koyar da ƙananan yara. Ta ce tana jin daɗin aikinta. Takalminta na kalla, duk ya cinye.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na uku ita Me-ya-sa ce ta haɗa ni da shi ta waya, don kada in ce ta ɓoye mini masu kyau ko marasa kyau. Wannan kam ya samu. Wani kamfani ke biyansa yana gwada musu yadda mutane ke amfani da kayansu kafin a fitar kasuwa. Amma sai da ya ƙara shekara biyu a karatu, kuma yayansa ne ya ɗauki nauyi. Ita wa ke gare ta? Rumfa ɗaya ce, ba a sayar da ita sau biyu.

Uku na gani, ɗaya ya ci. Da kujeru ne aka kawo mini uku, biyu ƙafa a karye, ko kallon dilar ba zan sake yi ba. Na kira uwarta na ce na gama bincike, maganata tana nan.

Asabar, 14 ga Satumba

Yau da safe ta gaishe ni. "Ina kwana, Kaka. An tashi lafiya?" Har da rusunawa. Ba Tsoho, ba cewa gemuna ya yi kama da tsintsiyar da aka gama yayi. Ta ajiye shayi ta fita. Na ce mata amaryar tawa yau yaji ake yi? Ta ce, "A'a, Kaka."

Gara zagi.

Litinin, 16 ga Satumba

Ni na ja maganar. Ina cin abinci na ce, ba da ita nake ba, wai duk gwajin nasu a kan yara 'yan makaranta suke yi, waɗanda ba su san komai ba. A kawo mutumin da ya ga duniya a gani ko za a kama shi. Ta ajiye tsintsiya.

Ta ce akwai wani abu da suka karanta: in mutum ya fara jin wani adadi, ko da bai shafi kayan ba, farashin da zai faɗa sai ya jingina da shi. Na ce wannan ai tun kafin a haifi uwarki muke yi wa masu saye. Ta ce ba masu saye take nufi ba, dillalai. Na ce dillali da ido yake sa kuɗi, ba da kunne ba.

"In gwada ku, Tsoho?"

Tsohon nan ya dawo bakinta, shi ya sa na yarda. Ba don komai ba.

Laraba, 18 ga Satumba

An yi abin a rumfa. Mai Katifa ya matsar da katifu ya ba mu lungun baya, aka rataya zane. Ta sa aka ɗauko wani tsohon keken ɗinki mai ƙafa daga rumfar maƙwabci, baƙi, fentin zinariyar ya goge a wuya. Ta ari hulata ta zuba ƙananan takardu a naɗe. Mu sha biyu ne, duk tsofaffin hannu a layin. Kowa zai shiga shi kaɗai, ya zaro takarda da hannunsa, ya ga lambar da ke ciki. Sai ta tambaye shi, keken nan ya fi dubu kaza ɗin da ka zaro ko bai kai ba? Sannan, to nawa zai yi?

An sha dariya. Gajere, ɗaya daga cikinmu, ya ce in dai caca ce shi ya tuba tun bara. Mai Agogo ya ce a duba hular da kyau, tun gobara ba a wanke ta ba. Wani ya ce 'yar boko ta zo da tsibbu. Ita ko a jikinta, tana tsaye da fensir, fuskar nan kamar ta ubanta in yana ɗaure kaya a mota.

Ni na shiga ƙarshe. Na zaro casa'in. Na ce bai kai ba, wane irin casa'in. Na juya ƙafar, na saurari ƙarar, na duba ƙasan teburin ko gara ta taɓa. Na ce sittin da biyar.

Da aka gama ta zazzage hular a kan katifa. Lamba iri biyu ce kawai a ciki, ashirin da casa'in. Waɗanda suka zaro ashirin kusan duk a wajen arba'in suka tsaya. Mu 'yan casa'in muka haura sittin, ban da mutum ɗaya. Layi ya kaure. Gajere yana rantsuwa shi lambar ko kallonta bai yi ba.

Ni na ɗauki hulata na sa. Abin da ya dame ni ba takardarta ba ce. Watan jiya, ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, wata mata ta kawo ɗan'uwan keken nan, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, har ya fi wannan lafiya. Arba'in da biyar na sa masa. Ba wanda ya tuna sai ni. Ina ma a ce ni mai mantuwa ne.

Alhamis, 19 ga Satumba

Abin da ya fi ba ni haushi. Na ce mata to kin ci, sai ki yi ta rawa. Ta ce ba ta ci ba. Wai mutum sha biyu sun yi kaɗan, zai iya zama dace ne kawai. Wai kuma ta yi kuskure, zanen ba ya tare murya, na waje suna iya jin na ciki, in da a makaranta ne malaminsu zai sa ta sake daga farko.

Shekara hamsin ina cikin kasuwa ban taɓa ganin wanda ya yi nasara ya tsaya yana rage wa nasararsa kuɗi ba. Na ce wannan wautar ma koya muku ake yi? Ta ce ita ce ma abin da aka fi koya musu.

Asabar, 21 ga Satumba

Albashin 'yar mai kantin magani. Shi na fara ji, kafin in je wurin kowa. Yaron kamfanin waya, malamar nan, duk da shi na auna su. To in da albashin malamar na fara ji fa?

Kai, a'a. Takalmin nan da idona na gan shi, ba daga hula na zaro shi ba. Abu ya zama gaskiya daban, ya ciyar da mai shi daban. Keke ya kama ni, na yarda. Keke ba zai biya mata haya ba ranar da ba ni.

Amma adadin ya shiga kaina kafin komai, wannan ma gaskiya ne.

Lahadi, 22 ga Satumba

Babbar 'yata ta zo ta ɗauke ni wai in ci abinci a gidanta. Ashe ɗaki za a nuna mini. Yana bayan kicin, taga ɗaya ƙarama tana kallon bangon maƙwabta, buhunan gawayi a lungu, an ce za a kwashe. Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu yana cewa, "Baba, gidanka ne, ko yau ka so." Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Amma mutumin da zan riƙa tambaya kuɗin magani kenan. Ni da ko goro ban taɓa roƙa ba.

Ta ce, "Baba, in ka sayar ba za ka wulaƙanta ba, in ba ka sayar ba ma ba wanda zai zarge ka." Na ce wa ya ce miki ina shawara? Na ce a mai da ni gida.

Ƙafata ta kumbura. Ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Ba abin rubutawa.

Talata, 24 ga Satumba

Me-ya-sa ta amince. Da bakinta ta zo ta faɗa, uwarta tana bayanta. Ta ce ta yi tunani, ba za ta so in koma bayan kicin ɗin kowa saboda ita ba, za ta yi kwas ɗin gwajin jinin. Ba kuka, ba fushi. Na ce madalla, Allah ya yi albarka. Surukata ta ce amin da wata irin murya.

Na samu abin da nake so kenan.

Da yamma sai ga ta da kwali niƙi-niƙi ta dire a gabana. Littattafanta ne na shekarar farko. Ta ce tunda za a sayi farar riga da wasu kayan aiki, gara a rage wani abu. "Tsoho, kai ne dillali. Nawa za su yi?"

Na buɗe. Manya ne, masu nauyi, wasu da hoton ƙwaƙwalwa. Duk gefen shafukan ta cika su da ƙananan rubutu da fensir, kuma ko ni da karatuna na kaza na gane kalmar da ta fi yawa. Me ya sa, me ya sa, da alamar tambaya kamar ƙugiya. A wannan layin namu littafin da aka yi wa rubutu ba ya da mai saye sai masu ƙunshe kaya, a kilo. Na san kuɗin. Tun kafin in ɗaga na biyu na san shi.

Bakina ya ƙi. An kawo mini gadon matattu, an kawo mini kayan auren da ya mutu, an kawo mini tabarmar mutum ta ƙarshe, duk na faɗi kuɗinsu ban ƙifta ido ba. Na ce mata haske ya yi ƙasa, ba na sa kuɗi da yamma. Ta dube ni, ta dubi rana da ke tsaye a kan katanga. Ba ta ce me ya sa ba.

Wannan ne ya tsaya mini. Ba ta ce ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Kwalin yana ɗakina. Na yi tuntuɓe da shi sau biyu.

Na je benci ban yi magana da kowa ba. Mai Agogo ya gaji ya ce, "Kai dai tun muna samari in ka ci ciniki ka kan saya mana shayi. Yau ina shayin?" Na ce ya sha na gidansa.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ra'ayina bai canza ba, in rubuta shi a nan don kada wani ya ce na rikice da tsufa. Karatun nan a kasuwa ba shi da kuɗi. Uku na gani, ɗaya ya ci. In wani ya zo gobe ya tambaye ni ko ya sa 'yarsa, zan ce ya kai ta gwajin jini.

Sai dai dokar tawa ta kayan da za a sayar ce. Ban san yadda ake auna wanda ba za a sayar ba, ba a taɓa kawo mini irinsa ba.

Na sa an mayar da kwalin ɗakinta, ya tare mini hanya ne. Na kuma tambayi 'yata ko tagar nan ta bayan kicin za a iya faɗaɗa ta, tambaya kawai. Na aika wa Mai Katifa ya same ni a rumfa kafin a buɗe layi, ya zo da ɗan'uwansa shaida, ni ma Mai Agogo zai zo. Benci ba ya cikin ciniki, wannan sai ya yarda tun farko, ina nan a kansa har a ɗauke ni.

Ita ban faɗa mata ba. Na dai ce ta goge mini babbar rigata, kuma kada ta kai wa kowa kuɗin farar riga tukuna. Ta tsaya da rigar a hannu ta ce, "Me ya sa, Tsoho?" Na ce don na faɗa.

Mai Katifa ya san ni, zai zo da shirin ya taya in ce albarka, kamar yadda na yi shekara hamsin. Gobe da safe, kafin ya gama zama, ni zan fara buɗe baki. Kuma babbar lamba zan faɗa.